Sayen Jitar Bes A Kaduna: A Fara Tambayar Hannu Da Kafaɗa

Duk mai sauraron waƙoƙin finafinanmu ya san wani amo mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin kiɗa, wanda kunne ba ya cika kula da shi sai ranar da aka cire shi. Shi ne ke sa gilashin mota rawa, shi ne kuma ke sa ƙafar mutum ta fara motsi tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Makaɗa suna ce masa bes. To amma a yawancin waƙoƙin da muka taso da su, ba hannun mutum ne ya ja tsirkiya ya fitar da wannan amon ba. Na'ura ce ta yi shi.

Masu karatu za su tuna yadda abin ya faro. A 1996 kamfanin Iyan-Tama da ke Kano ya sayo fiyano ƙirar Yamaha PSR, aka shiga yi wa finafinai kiɗa da ita. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999 ya yi kasuwar da ya yi, sai magana ta ƙare, kowane furodusa ya ce shi ma irin wannan kiɗan yake so. Mutum ɗaya ya zauna a ɗaki, ganga na cikin akwati, sarewa na ciki, bes ma na ciki. Daga baya kwamfuta ta zo ta karɓi aikin. An samu sauƙi, ba a musu, kuma an yi waƙoƙin da har gobe ana sauraronsu. Sai dai wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kaɗa jitar bes ta gaske, ya ji yadda yake jan sauti ya sake shi, ya ɗan jinkirta nan ya ɗan gaggauta can yana bin numfashin mawaƙi, ya san akwai abin da akwati ba zai ba ka ba.

Abin mamakin shi ne, a nan Kaduna masu wannan sana'a ba su yi nisa ba. Gada kawai za ka haye.

Tsallaken kogi

Kaduna ba baƙuwar kiɗan taron makaɗa ba ce. A nan marigayi Bala Miller, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 2003, ya kafa ƙungiyarsa a ƙarshen shekarun 1970, ya riƙa rera waƙoƙi da Hausa a kan jita da ƙahonni, cikinsu har da "Ikon Allah" wadda dattawa ba su manta ba. A wancan zamanin masaƙun Kakuri suna aiki ba dare ba rana, kamfanin Fijo da aka buɗe a 1975 yana ta fitar da motoci, ma'aikata na da albashi, saboda haka makaɗa ma suna da wurin ci. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Amma kiɗan bai mutu ba, wurin zama ya sake.

Yau in kana neman mai bes, to ka nufi Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha, Unguwar Romi ko Gonin Gora da yammacin Asabar. Daga majami'un ECWA, Baftis, HEKAN, Katolika, zuwa manya irin Living Faith ta Barnawa, kusan kowace na da ƙungiyar mawaƙa da ke gwaji, kuma da wuya ka rasa wani matashi a gefe rungume da doguwar jita. Da yawa daga cikin waƙoƙin da Hausa ake yin su. Ranar da babu sujada kuma, su ne dai za ka gani a wuraren biki da ɗakunan taro. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa jama'ar gari sun ja baya da juna, wasu suka tattara kudu wasu arewa, har ya zama mai sutudiyon fim yana can yana neman bes a cikin kwamfuta, mai bes na gaske yana nan yana neman wanda zai ɗauke shi aiki. Wannan kam asara ce ga kowa.

Matsalar da ke damun waɗannan matasa, da ma 'yan'uwansu na sutudiyo da suka fara sha'awar abin, ita ce sayen kayan aikin. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, jita kuwa ba a ƙera irin wannan a gida. Yaro zai yi shekara yana tari, ko kuma majami'a ta yi karo-karo, a je a sayo abin da bayan wata uku za a jingine shi a bango. Yawanci ba don jitar ta lalace ba ne. Ba ta dace da mai ita ba ne tun farko.

Ita dai jitar bes tsirkiya huɗu gare ta a asali, masu kauri kamar wayar birkin keke. In kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya ce mai zaƙin murya, garaya biyu, molo uku, to wannan ita ce babbar yayarsu mai muryar ƙasa. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fitar da ita kasuwa a 1951 da sunan Precision, sannan a 1960 ya ƙaro wata ya kira ta Jazz. Kusan duk wadda za ka gani rataye a shago, ko daga kasuwar Alaba ta Legas aka kawo ta ko daga Sabon Garin Kano, jikar ɗaya daga cikin biyun nan ce. Shi ya sa sanin bambancinsu ke rage wa mai saye rabin wahala.

Wuya da tsawo

Abu na farko da za ka duba shi ne wuyan jitar, wato dogon katakon da hannun hagu ke yawo a kai. Nan ne rayuwarka za ta ƙare, malam, don haka kada ka yi masa kallon tsoro. Wuyan Jazz siriri ne, faɗinsa daga can sama milimita 38. Na Precision ya fi shi faɗi, daga 41 har zuwa 44 a tsofaffin ƙira. A takarda bambancin kamar ba komai ba, amma a hannu, bayan awa biyu ana kiɗa, za ka san da shi. Mai gajerun yatsu ya fi sakewa a siririn wuya, kuma kamfanin Ibanez ya yi suna wajen irinsa tun da ya fito da samfurin SR a 1987. Mai katon hannu kuwa sau da yawa siririn wuya matse masa yatsu yake yi, har tafin hannu ya riƙa ɗaurewa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai tsawo. Yawancin jitocin bes tsawon tsirkiyarsu inci 34 ne, kusan santimita 86. A wuyan an gitta wasu 'yan ƙarafa da makaɗa ke kira firet, kuma tazarar da ke tsakanin na farko-farkon tana da faɗi ƙwarai. Gwajin mai sauƙi ne: rataya jitar, ka miƙa hannu ka danne tsirkiya mafi kauri a gidan farko. In sai ka karkata kafaɗa ko ka miƙe gwiwar hannu sambal kafin ka kai, to ta fi ƙarfinka. Akwai gajera mai inci 30, wadda ta dace da yara 'yan sakandare, da 'yan mata da dama da ke shigowa harkar yanzu, da duk wani mai ƙaramin jiki. Na san za a ce ai wannan ta yara ce, abin kunya ne babban mutum ya riƙe ta. Maganar banza ke nan. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles gajera ya riƙe, ƙirar Hofner da ya saya a birnin Hambog na Jamus a 1961, da ita kuma duniya ta san shi. Shi bahago ne ma, kuma cikin dalilan da suka sa ya zaɓe ta akwai cewa gefenta biyu iri ɗaya ne, ko an juya ta ba ta yin muni, ga kuma araha. Bahagon da ke karanta wannan ya sani cewa jitar hagu tana wahalar samu a kasuwanninmu, sayar da ita ma haka. Wanda bai riga ya fara koyo ba ya gwada ta dama tukuna, in hannu ya ƙi, to a yi oda a jira.

Nauyi kuma fa? Jitar bes takan kai kilo 4 zuwa 5, wasu ma su wuce. A shago, kana zaune ka ɗora ta a cinya, ba za ka ji komai ba. Amma wanda zai tsaya tun daga sujadar safe har rana ta take, ko a yi kwanan addu'a da shi, ko a riƙe shi a wurin biki har dare ya raba, kafaɗarsa ce za ta biya bashin. Ka nemi a ba ka maratayi, ka miƙe tsaye da ita na minti goma ko fiye. Sannan ka saki hannu biyu ka gani. In kan jitar ya rinjaya ya nufi ƙasa, to hannunka na hagu zai zama ɗan dako, yana kiɗa yana tallafe, kuma ba za a daɗe ba wuyan hannu zai fara ciwo. Maratayi mai faɗi yana rage abin, amma ba ya kawar da shi.

Huɗu ko biyar?

Nan ne gardama take. A tsallaken kogi, matashin da bai riƙe mai tsirkiya biyar ba gani yake kamar bai fara ba. Kuma suna da hujja. A waƙoƙin majami'a mai fiyano da mai bayar da waƙa ne ke zaɓar inda murya za ta zauna, sau da yawa kuma sukan zauna a wurin da mai tsirkiya huɗu ba shi da sautin ƙasa da zai tare su da shi, sai dai ya hau sama, kiɗan ya yi shafal. Tsirkiya ta biyar tana ƙaro sautuka biyar a ƙasa. Mafi kaurin mai huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar kuwa sau 31, amon da ƙirji ke ji kafin kunne. Wanda ya saurari Richard Bona na Kamaru ya san abin da gwani ke yi da ita.

Amma fa tana da haraji. Wuyanta ya fi faɗi, ta fi nauyi, saitin tsirkiyarta ya fi tsada, kuma akwai ƙarin tsirkiya guda da dole ka riƙa toshe wa baki don kada ta yi ta gurnani alhali ba ka taɓa ta ba. Babban abin shi ne, a jitoci masu araha wannan ta biyar ɗin takan zo sako-sako, amonta kamar an buga katifa. Araha ba ta ado. In kuɗinka na mai huɗu ne mai kyau ko mai biyar ta banza, ni dai shawarata ɗauki mai huɗu. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka a shekarun 1960, huɗu ya riƙe, da yatsa ɗaya ma yake ja. Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley da ya rasu a 2024, shi ma huɗu ne, kuma har yau masu rege ba su gama kwaikwayonsa ba.

Wanda kuma zai yi kiɗa tare da zumuntar mata ya tuna cewa su ma suna da nasu bes ɗin, wato manyan tulunan da suke bugawa a baki. In ka zo da amo mai zurfi fiye da kima, kai da tulu za ku haɗu ku dagula wuri, ba a ji ka ba, ba a ji su ba.

Wuta, janareto da batir

A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ya aika wa amfilifaya. Na Jazz guda biyu ne dogaye, amonsu tas yake, yana ratsa taro. Aibinsu ɗaya: in ka buɗe ɗaya ka rage ɗaya, sai su fara jawo ƙugin wutar lantarki, zuuu, musamman inda ake aiki da janareto ko wayarin ɗin ginin ba shi da kyau. In ka buɗe su duka biyu daidai, ƙugin ya ɗauke. Na Precision kuwa tun 1957 aka raba shi gida biyu don ya kashe wannan ƙugi da kansa, amonsa kuma dunƙulalle ne mai cika ɗaki. Akwai masu haɗa iri biyun a jita ɗaya, kamar yadda Yamaha ke yi a wasu samfuran BB, kuma ga mai jita ɗaya tal da zai je ko'ina da ita, wannan ba laifi.

In kana taɓa tsirkiya kana jin wuta na ɗan cizonka, kada ka zargi jitar, kada kuma ka daure. Wayar da ya kamata a binne a ƙasa ce babu a ginin ko a janareton. A kira mai gyaran wuta, don abin yana iya kisa.

Wasu jitocin suna da batir mai bolt 9 a bayansu, salon da Music Man StingRay ta yaɗa tun 1976. Suna ba ka damar ƙara kauri ko kaifi daga jikin jitar, matasa na son su ƙwarai. Sai dai muddin igiyar na soke a jiki, batirin na ci, ko ana kiɗa ko ba a yi. A bar ta soke daga Lahadi zuwa Laraba, wata ran ana tsakiyar waƙa sai a ji amo ya fara kakkaryewa. Ga kuma batiran jabu cike da kasuwa. In za ka sayi irinta, nemi mai makunnin da ke mayar da ita aiki ba batir, kuma kada jakarka ta rabu da sabo guda.

Hunturu da kayan gwanjo

Jita katako ce, katako kuwa yana shan iska. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan nan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka ɓoye a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta da alanki. A Kaduna, daga Disamba zuwa Fabrairu iska na bushewa ƙayau, katako ya tsuke, bakin ƙarafan firet ya fito yana yankar hannu, tsirkiya ta tashi sama ko ta kwanta tana zizar ƙarfe. Damina ta zo, Agusta ta jiƙa komai, wuyan ya sake motsawa. Jitar da aka saita a Legas ba za ta zauna yadda take ba in ta kwana biyu a Sabon Tasha. Saboda haka sau biyu a shekara sai an taɓa wannan sanda, kaɗan-kaɗan, rubu'in juyi a lokaci guda, a bari ta kwana kafin a ƙara.

Wannan ne ya sa a wurin sayen ta hannu, 'yar Beljiyam ko wadda wani ya gaji da ita, tambaya ta farko ita ce ko sandar na aiki. A sa alanki a gabanka a juya. In ta cije, ko tana juyawa fayau ba ta kama komai, ka ajiye ka yi gaba ko da kyauta aka ba ka, don gyaranta ya kusa kuɗin wata. Fenti da ya goge ba komai ba ne. Kunnen ɗaure tsirkiya da ya karye ana sakewa. Wuyan da ya murɗe kuwa sai dai haƙuri. Ka ɗaga jitar ka saita ido daga kai zuwa gindi kamar mai duba gorar gini: 'yar lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ce, amma in gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, an gama.

Sannan ka kaɗa ta ba tare da an soka ta a amfilifaya ba. Mai shago zai so ya haɗa maka da katuwar lasifika ya ƙure, ka ji ƙasa na girgiza ka rikice. Ka ce masa ya dakata. Jita mai kyau ko ba wuta za ka ji tana rawa a cikinka, sautin ya daɗe bai mutu ba. Bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tun daga sama har ƙasa, kowace tsirkiya, kana sauraron inda zai yi ziza ko ya mutu da wuri. A gida na 12, tazarar tsirkiya mafi kauri da ƙarfen kada ta wuce kaurin katin ATM uku da aka haɗa, wato milimita 2 da ɗan ɗori. In yatsa na shigewa, za ka sha wuya. Bayan nan ne za a kunna, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka girgiza igiyar a bakin raminta.

Game da suna kuma, a yi hattara. Rubuta Fender a kan jita ba wuya, sitika ce. In ka ga sabuwa dal da wannan suna a farashin da bai kai na babbar waya ba, kai ma ka san amsar. Gara Squier ta gaskiya, wadda kamfanin Fender ɗin ne da kansa ke yin ta tun 1982 don masu ƙaramin ƙarfi, ko Yamaha, Ibanez ko Cort, da jabun babban suna. Kuma ka tafi da wanda ya girme ka a harkar, ya kaɗa kai kuma ka koma gefe ka saurara. Amma kada ka bari ya zaɓa maka, hannunsa ba naka ba ne.

Kada a zuba kuɗin duka a jita. Bes ba amfilifayarsa kurma ne, kuma in ka soka shi a ƙaramar amfilifayar jita ta yau da kullum ka ƙure, lasifikar za ta yage. A ware na igiya mai kyau, da maratayi, da jaka mai soso, domin jitar ta haura mita ɗaya, kuma a cikin Keke Napep kanta ne ke leƙowa waje. Tsirkiya kuwa gumi ne ke cinye ta, a riƙa goge ta da ƙyalle bayan kowane kiɗa. Tsofaffin hannu sukan tafasa ta a ruwa in ta dushe, ta ɗan farfaɗo na 'yan makonni.

Ga 'yan'uwanmu masu sutudiyo, ku lissafinku daban ne. Ba ku buƙatar katuwar lasifika, ana soka jitar kai tsaye a na'urar ɗaukar sauti. Abin da za ku tuna shi ne inda waƙar za ta ƙare. A da a kaset da bidiyon falo ake jin ta, yanzu kuwa yawancin masu kallo a YouTube suke gani, a waya, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da amon can ƙasa ko kaɗan. Bes ɗin da ya cika zurfi ɓacewa yake yi ɗungurungum. Wanda ke tsira shi ne mai ɗan gurnani a tsakiya, irin na Precision ko Jazz da sabuwar tsirkiya, inda ake jin taɓin yatsa. Kafin a sallami mai bes a biya shi, a tura waƙar cikin waya mafi araha da ke ɗakin, a saurara daga nan.